Kwalta a Gindin Tabki

Ranakun aikin gandun daji da yawa sun shige mini duhu, wasu ko garin da na kwana ba zan iya faɗa muku ba. Amma ranar da na tarar mutanen Doguwar Aduwa sun yanka rago suna gode wa kamfanin hanya don ya zuba musu baƙin mai a inda dabbobinsu za su sha ruwa, wannan kam ba ta taɓa barin raina ba. Tunda ku sababbin shiga kun matsa sai kun ji, to ku gyara zama. Wanda ya riga ya ji labarin a bakin direbanmu ya manta da shi, don shi duk shekara sai ya ƙara masa gishiri.

Lokacin ina ajidan a biron muhalli, wato ofishin kula da muhalli na Tanut. Ga wanda bai san tsarinmu ba, mu ma'aikatan gandun daji kaki muke sawa, muƙamanmu kuma irin na soja ne. Ajidan ya wuce saje amma bai kai hafsa ba, wato ya isa a aike shi shi kaɗai, ya kuma isa a ɗora masa laifi in abu ya ɓaci. Shugabarmu a wancan lokaci Kapiten Zainabu ce, 'yar Damagaram, gajeruwar mace mai magana a hankali. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma in ta cire tabarau ta ajiye, ƙato ma sai ya nemi wurin zama.

Mutane sun ɗauka aikinmu bai wuce kama masu saran itace ba. Akwai wani ɓangaren da ba a gani. Duk kamfanin da zai yi babban aiki, hanya ce ko masana'anta, kafin ya kafa ko tanti sai ya sa hannu a takardar alkawarin kiyaye muhalli: ina zai ɗebi ƙasa, ina zai kai dattinsa, yaya zai bar wurin in ya gama. Ranar tashi kuwa sai an tura ɗayanmu ya zagaya ya gani da idonsa, ya sa hannu a takardar sallama, magajin gari, wato shugaban ƙaramar hukuma, shi ma ya sa nasa. In babu hannun nan gwamnati ba ta karɓar aikin, kamfani yana nan a ɗaure ko da ya kwashe motocinsa. Wannan ɗan sa hannun shi ne dukan ƙarfinmu.

A farkon watan shida na shekarar, wani kamfani da ba zan kama sunansa ba ya gama shimfiɗa kwalta a wani yanki na hanya a nan Damargu. Sansaninsa yana kusa da Doguwar Aduwa, ƙauyen manoma ne can wajen Gangara, makiyaya kuma na yada zango a gefensa. A bayan sansanin akwai ƙaton ramin da suka haƙa suna ɗibar tsakuwa, wanda ake kira kariyar. A takarda, kamfani zai cike ramin ya baje shi kafin ya tafi. Amma duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan ya san ba mai son a cike kariyar. In damina ta sauka ramin tabki yake zama, a wurin da sai raƙumi ya yi tafiya da igiya kafin guga ya fito daga rijiya. Doka ma ta san da haka: in mutanen wuri sun roƙa ta hannun magajin gari, ana barin ramin, muddin yana da tsabta. Saboda haka da Kapiten ta aike ni, na ɗauka zan je in leƙa, in sa hannu, in dawo kafin la'asar.

Na isa da hantsi na tarar da taro a bakin ramin. An shimfiɗa tabarmi a inuwar wata babbar mota, ana gasa rago. Maigari Abdu, dattijo mai farin gemu, ya sha babbar riga kamar ranar salla. A gefensa ga Arɗo Bello, shugaban Fulanin da ke kiwo daga nan har Belbeji. Ga kuma shugaban aikin, Shef Idi, yana ta washe baki yana karɓar godiya. Aka tarbe ni hannu biyu, aka miƙo mini tsoka mai kyau. Na ce bari in sauka in ga ramin tukuna, nama ba gudu zai yi ba.

Tun ban kai ƙasa ba hancina ya ba ni labari. Gindin ramin, wajen da ya fi zurfi, an shafe shi baƙi ƙirin kamar bayan tukunya, an watsa ɗan yashi a kai. Na taka, takalmina ya nutse, da ƙyar na ciro shi. Na sa sanda na tona. Sama-sama kwalta ce, wadda da ita kaɗai ce da abin ya zo da sauƙi, tunda ta daskare. Ƙarƙashinta kuwa baƙin man inji ne da aka juye daga motoci, da gazuwal, wato man dizal, da aka wanke tankuna da shi, har da fasassun batura. Dattin garejinsu ne tun daga farkon aiki, an kwaso an zuba daidai inda ruwa zai taru.

Na hauro raina a ɓace, na ja Shef Idi gefe.

"Shef, wa ya ba ku iznin zuba wannan a kariyar?"

Ko gezau bai yi ba. "Mon ajidan, roƙonmu aka yi. Tambayi Maigari, ga shi nan zaune."

Na ɗauka ƙarya yake shirga mini, ashe gaskiya ce tsagwaronta. Maigari da kansa ya yi mini bayani, yana yi yana jin daɗi.

"Ajidan, kai ɗan birni ne, bari in gaya maka. Ƙasar nan tamu rariya ce. Tabkin da ya cika da damina, kafin a gama girbi ya tsotse. To mun zauna mun dubi hanyar nan da suka yi. Bara ruwa ya sauka a kanta, ko ɗigo bai shige ba, duka ya gangare. Muka ce ashe ga magani a ƙofar gida. Abin da ya hana ruwa shiga hanya zai hana shi shiga ƙasa. Muka je muka roƙi Shef ragowar gudro, kwaltar nan, da baƙin man da ba ya so, ya shafe mana gindin ramin. Allah ya saka masa, ko dala bai karɓa ba."

Ban yi dariya ba, kuma duk wanda ya yi a cikinku yanzu bai taɓa ganin saniya ta faɗi don ƙishi ba. Tunani ne na mutanen da suka zauna suka lura, sai dai ya kai su ya baro. Shi kuwa Shef, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Dattin da alkawari ya ce sai ya ɗure a ganguna ya kai Damagaram wajen masu karɓarsa, ga shi ya rabu da shi a bayan sansaninsa, har da rago a kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan zai zauna, wannan gaskiya ne. Amma man zai taso ya gauraya da shi. Guba ce, za ta shiga cikin dabba, ta fito a nono, ta shiga cikin jikokinka."

Arɗo Bello ya tuntsire da dariya. Ni Babarbare ne ta wajen uwa, ya kuwa sani, kun kuma san wasan da ke tsakaninmu da Fulani.

"Kai bawana, yaushe Babarbare ya san saniya? Man nan da kake kira guba, shi Buzaye ke shafa wa raƙumi in ya yi ƙazuwa. Don ka sa kaki sai magani ya koma guba?"

"Arɗo, shafa masa suke ko ɗura masa suke? Ko shafawar ma akwai ranar da za mu yi maganarta."

Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Na ga magana ba za ta kai mu ko'ina ba, sai na miƙe na faɗa a fili cewa ba zan sa hannu ba. Har mai gashin nama ma ya tsaya. Shef Idi ba wawa ba ne. Ya ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji.

"To shi ke nan. Tunda doka ake so, mu bi doka. Takarda ta ce a cike rami. Gobe katafila ta tura ƙasa ta rufe shi, kafin azahar an gama. Jama'a ku shaida, mu mun ba ku tabki, ajidan ya ƙwace."

Nan na san na shiga tsaka mai wuya. In na sa hannu, ruwan farko da zai sauka garken Arɗo da na ƙauyen za su sha guba da yardata. In na ƙi, a binne dattin a rufe ramin, mutane su rasa tabkin da suka shekara suna jira, sunana kuma ya zama abin tsinuwa daga Gangara har Belbeji. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma. In na ce zan ɗebi ƙasar in aika Yamai a auna, kafin amsa ta dawo ruwa ya riga ya cika ramin.

Na hau wani tudu inda waya ke kamawa na kira Kapiten. Na zazzage mata komai, har da abin da bai kamata ajidan ya faɗa a kan shugaban kamfani ba. Ta bar ni na gama huci.

"Ajidan Laminu, ka gama?"

"Na gama, mon kapiten."

"Ka hana katafila taɓa ramin, ka faɗa da sunana. Binne datti ba kwashewa ba ne, alkawarin da suka sa wa hannu kwashewa ya ce. Amma ka ji ni da kyau. Kamfani zan iya tilasta masa da takarda, mutanen gari ba zan iya ba. In ba su yarda da bakinsu ba, ranar da muka juya baya za su nemo wani man su zuba, garejojin Tanut cike suke da shi. Kada ka dawo sai sun yarda."

Haka na kwana a Doguwar Aduwa. Maigari ya ba ni ɗaki, don ba a korar baƙo. Tuwo ya zo, gaisuwa ba ta zo ba. Samarin ƙauyen da kamfanin ya ɗauka lebura, waɗanda aka yi wa alkawarin tafiya da su sabon wurin aiki, an gaya musu tafiyar ta tsaya saboda ni. Na yi musu sallama a ƙofar masallaci, suka amsa kamar da rance. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, don ni mutum ne mai son a so shi.

Washegari da safe na ari daro biyu a gidan Maigari. Na sauka ramin na yanko baƙar ƙasar nan na zuba a ɗaya. Ɗayan na zuba masa laka ta bakin rijiya. Na cika su duka da ruwan rijiya, na ajiye su a rana kusa da inda ake shayar da dabbobi, na zauna ina gadi. Mata masu ɗibar ruwa suna wucewa suna ƙus-ƙus, na ji wata tana cewa ajidan ya koma wanki. Kafin azahar daron laka ya kwanta, ruwansa ja-ja irin na kowane tabki. Ɗayan kuwa maiƙo ya rufe shi yana ƙyalli kamar wuyan tattabara.

Da aka idar da salla na roƙi Maigari da Arɗo su zo su ga wani abu, jama'a suka biyo su. Lokacin ne dabbobi ke dawowa rijiya. Na ce a kawo mini jakin da bai sha ruwa ba tun jiya, aka jawo na Arɗo kansa. Jakin ya nufi daron man, ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗaga kai ya yage leɓe yana nuna wa jama'a haƙora. Sannan ya juya ya kafa baki a daron laka ya shanye shi tas. Aka kwashe da dariya, ni ma na fara jin na ci gari.

Maigari ya ce, "Jaki ne fa, Ajidan. Jaki dama sarkin ƙyanƙyami ne. In ƙishi ya kai masa karo zai sha."

Arɗo ya ce, "Gaskiyar Maigari. Shanuna ba su da wannan iyayi."

Bai rufe baki ba sai ga wata farar karsana daga cikin garkensa ta kutso tsakanin mutane, ta tsoma baki a daron man ta fara zuƙa. Ban san tsohon nan yana da sauran gudu a jikinsa ba. Kafin in miƙe ya yar da sanda, ya hankaɗe daron da ƙafa, ya rungumo kan karsanar yana goge mata baki da gefen rigarsa, yana yi mata magana da Fulatanci kamar mai lallashin jariri. Baƙin ruwan ya malale a kan yashi ya bar tabo.

Na bar shi ya gama, sannan na ce, "Arɗo, ba magani ba ne? Me ya sa ka zubar?"

Ya saki kan karsanar. Da ya ɗago babu wasa a muryarsa, bai kuma ce mini bawansa ba.

"Laminu, jakin da ya ƙi ba shi ya ba ni tsoro ba. Ita da ba ta ƙi ba ce. Garke duka haka za su sha." Ya juya wajen Maigari. "Ni kam na janye. In dai baƙin abin nan yana ciki, ko ɗan akuya ba zan kawo ramin nan ba."

Maigari ya shafa gemu. Can ya ce, "To na ji. In an kwashe, ruwa ya tsotse kamar kullum, me muka yi ke nan?"

Tambayar tana kan hanya, kuma da ba ni da amsarta da duk wahalata ta tashi a banza. Na ce masa laka. Na taɓa ganin an yi a wani wuri da na yi aiki: a shimfiɗa laka mai danƙo a gindin rami, a jiƙa, a tattake ta har ta haɗe. Arɗo ya gyaɗa kai ya ce shi ma ya sani, a kowane tabki inda shanu suka fi tattakawa nan ruwa ke daɗewa. Akwai kuwa wata fadama ba nisa mai irin lakar. Abin da babu shi ne motocin ɗauko ta da ruwan jiƙa ta, su kuwa suna hannun Shef Idi.

Kashegari Kapiten ta zo da kanta tare da magajin gari, aka zauna a bakin ramin. Shef ya kawo kukansa, kuma ba ƙarya a ciki. Ana jiran motocinsa a wani wurin aiki, kowace ranar da ya ƙara a nan tara ce a kansa, ga man motoci, ga jigilar datti har Damagaram, ga manyansa da za su ce shi ya jawo. Na tausaya masa kaɗan, amma da ya sake cewa gara ya cike ramin kowa ya huta, sai tausayin ya tafi. Na nemi izni na yi magana.

"Shef, cikewa haƙƙinka ne, ba mai hana ka. Amma sai ka kwashe tukuna, har ka kai ƙasa mai tsabta. In ka kwashe, ramin ya ƙara zurfi. Sannan ka nemo ƙasar da za ta cike shi har baki. Ko kuwa ka kwashe, ka kawo mana laka, ka ba mu motar ruwa, ka bar rami a buɗe ka yi tafiyarka. Kai ne mai lissafi."

Ya dubi ramin daga wannan baki zuwa wancan, leɓensa na motsi. Ya dubi Kapiten, ya ga ta cire tabarau tana riƙe da shi a hannu.

"A kawo laka," in ji shi. Sai ya juya wajen Maigari. "Amma Baba, ka yi haƙuri. Hanyar kasuwar nan da na ce zan gyara muku da ragowar mai da kwanakin da suka saura, wannan ta tafi. Ba ta cikin takarda, kyauta ce na yi niyya."

Ban san da wannan alkawarin ba sai a ranar. Hanya ce daga ƙauyen zuwa bakin kwalta, yashi ne zalla, motocin 'yan hatsi na kafewa a ciki, shi ya sa suke sayen geron Doguwar Aduwa a wulaƙance. Maigari ya daɗe yana bin Shef a kanta. Na dubi Kapiten, ta girgiza kai a hankali, don doka ba ta tilasta kyauta. Maigari ya tattara rigarsa ya tashi ya yi tafiyarsa.

Aka shiga aiki. Injin haƙa ya dinga yanko baƙar ƙasa ana lodawa a motocin da aka shimfiɗa wa tamfol, man da ya taru kuma ana ɗurawa a ganguna. Motar farko ni na zauna a gaba har Damagaram, don na san halin direbobi, tudu na farko da ya ɓoye su nan za su juye su dawo suna murmushi. Kullum da la'asar sai in tsaya in dubi gabas ko hadari ya taso. Sau ɗaya ma iska ta taso da ƙamshin ruwa har an fara yayyafi, na tsaya a tsakiyar ramin ina roƙon Allah ya ɗan dakata mana. Ban taɓa zaton ɗan Damargu zai roƙi ruwa ya jinkirta ba, sai ga shi a bakina.

Da aka kai ƙasa mai tsabta, wadda na damƙa na shaƙa ban ji komai ba, aka jibge laka aka baje, motar ruwa ta jiƙa ta. Sannan ranar Arɗo ta zo. Tun da safe ya aika rugage, shanu suka dinga gangarowa cikin ramin, jajaye masu dogayen ƙaho da farare, har da shanun amalanke na ƙauyen. Buzaye suka kawo raƙuma su ma a yi da su, Arɗo ya ce su tsaya a sama su yi kallo, ƙafar raƙumi kamar fanke take, ba ta danna komai. Makiyaya na fito, garke na zagayawa, laka na tsalle har gemu. Na cire takalma na naɗe wando na faɗa ciki, samarin da suka amsa mini sallama kamar da rance suka biyo ni suna dariyar yadda nake zamewa. Direbobin kamfani suka hau kan motoci suna kallo. Can da yamma, ba wanda ya roƙe shi, Shef Idi ya sa aka sauko da injin danna hanya ya bi ta kai ya lailaye. A kan murfin motarsa na sa hannu, da laka a yatsuna. Ban taɓa sa hannun da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Kamfani ya tashi da samarinsa, ba a jima ba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Washegari na hau babur na tafi. Tun daga nesa na ji kukan kwaɗi. Ramin ya cika har ya kusa baki, ruwa ja-ja, iska na kaɗa shi, babu ko ɗigon maiƙo a kansa. Shanu sun jeru suna sha, mata na cika jarkoki, Arɗo na tsaye da sanda a kafaɗa yana ce mini ashe Babarbare ma yana da rana.

Maigari ne kaɗai ya rage mini. Tun ranar zaman nan bai sake yi mini magana ba, in na gaishe shi sai wani na kusa ya amsa. Da azahar ta yi sai ga shi ya taho shi kaɗai, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya tsuguna a bakin tabkin. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya duba. Ya kai hanci ya shaƙa. Ya ɗanɗana. Kun san abin da malamai suka koya mana, ruwan da wani baƙon abu ya canza masa launi ko wari ko ɗanɗano ba a alwala da shi, amma lakar da yake kwance a kai ba ta ɓata shi. Na tsaya ina kallonsa. Sai na ga ya naɗe hannun riga ya yi bisimilla ya fara wanke hannuwa.

Da ya gama shafar kai, bai waiwayo ba ya ce, "Ajidan, kallo ka zo yi? Lokaci na wucewa."

Na cire takalma na tsuguna a gefensa na yi tawa. Ya ja mu salla a kan yashi, ni da wasu makiyaya. Da ya sallame ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa bai saki ba.

"Ruwa ya yi kyau. Amma hanyar kasuwa tana wuyanka."

"Na ɗauka, ranka ya daɗe."

Tabkin ya riƙe ruwa har bayan girbi, har sanyi ya fita, kuma haka yake yi duk shekara. Hanyar kasuwa kuwa har yau yashi ce. Duk taron da aka gayyace ni a gidan magajin gari sai na tayar da maganarta, har sun gaji da ni.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Tsabtace wuri ba a banza yake zuwa ba, wani ne ke biya, kuma ba kullum kamfani kaɗai ba. Kada ku je ƙauye ku ce wa mutane doka ba za ta ci musu komai ba, za ta ci, ku faɗa musu tun da wuri ku tsaya a gabansu su yi fushin da ku. Kada kuma ku ɗauki mutanenmu wawaye. Wanda ya roƙi a zuba masa guba ƙishi ne ya kai shi, in ba ku kawo masa amsar ƙishin ba, haninku kwana biyu zai yi. Ranar da aka miƙo muku takarda da biro da tsokar nama, ku sauka ramin tukuna. In ba za ku iya tsugunawa ku yi alwala da ruwan da za ku bar wa mutane ba, ku mayar da hannunku aljihu.